Ƙofar Mai Gyaran Laima

A Porto ruwa ba ya sallama,
sai dai ka ji shi a wuyan riga.
Can ƙasan gangaren da ke sauka bakin kogin Douro
akwai shagon Abílio, mai gyaran laima,
shekara arba'in da ɗaya yana ɗinke wa mutane sama
da zare, da filaya, da haƙarƙarin ƙarfe.

'Yarsa Leonilde ce ta kira ni:
"Ki yi masa shafi a intanet.
Masu zuwa sun ƙare, 'ya'yansu na sayen ta banza su yar."

Na yi. Kai, na yi!
Na shimfiɗa hoton gada da dare,
ɗigon ruwa na gangarowa a fuskar allo kamar gaske,
na raɗa masa suna Inuwar Hadari
da haruffa masu lanƙwasa kamar wuyan agwagwa.
Na zauna ina kallo, ina yaba wa kaina.

Wata biyu. Baƙi goma sha ɗaya,
bakwai daga ciki ni ce.
Na neme shi a injin bincike,
sai a shafi na tara na tsinto shi,
can inda ko ɓarawo ba ya leƙawa.

Na kai masa a waya, ina sunkuyar da kai.
Ya jingine ta a kan teburi, 'yar da'irar nan tana juyawa,
tana juyawa,
har ya gama ɗaure wata jar laima
gadar ba ta gama fitowa ba.
Ya ce, "Yarinya, wanda iska ta karya wa laima
a bakin titi yake tsaye, hannu ɗaya gare shi,
babban yatsansa a jiƙe.
Me zai rubuta? Inuwar Hadari?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Cewa zai yi: wa ke gyaran laima kusa da nan.
Kin ga ƙofata? Da kafaɗa ake tura ta.
Da gangan na cire mariƙin."

A daren na rushe gadar.
Na kashe ruwan ƙarya, na waje ma ya isa.
A goshin shafi na sa abin da bakin mutane ke faɗa:
Gyaran laima a Porto.
Ƙarƙashinsa titi da lamba,
ƙarfe tara zuwa shida, ban da Lahadi,
haƙarƙari ɗaya yuro huɗu,
da maɓallin kira mai faɗi
wanda jiƙaƙƙen yatsa ba zai kuskure ba.
Hoto ɗaya na bari, na rage masa nauyi:
hannayensa, da tabon da waya ta bar masa.
Na rubuta bayanin hoton domin makaho ya ji,
ashe injin ma makaho ne,
da kalma yake lalube.

Tambayoyin da ya gaji da amsawa na kwashe su duka,
ko ana canja yadi, ko tsohuwar laimar kaka za ta tashi,
kowace na ba ta amsarta a layi biyu.
Mai gidan burodi na kusurwa ta ambace shi a nata shafin.

Ba a dare ɗaya ba.
Tara, shida, shida, shida,
sai huɗu,
kamar mai hawan gangaren nan da buhu a ka.

Ran wata Talata ta Nuwamba ina shagon
wata mata ta turo ƙofa da kafaɗa,
waya a hannu, ruwa na ɗiga daga gashinta,
laimarta a kife kamar kazar da mota ta bi.
"Nan ne?"
Bai ɗago ba. "Ajiye can. Biyar ne gabanki."

Da ta fita ya harare ni ta saman tabarau:
"Kin jawo mini aiki, bayana ciwo yake."
Ya miƙo mini tawa laimar, ya gyara ta ban sani ba.
Na buɗe baki zan yi godiya,
ya buɗe tafin hannu.
"Yuro huɗu. Ke kika rubuta."